Dokin Kara da Tuwon Ƙasa: Wasan Ƙirƙira na Yara a Ƙasar Daura

Wasan ƙirƙira shi ne wanda yaro ke haɗa kayansa da hannunsa, ya kafa masa dokoki, ya kuma ƙago labarin da zai tafiyar da shi. Ya bambanta da langa ko tsere, waɗanda ƙarfin jiki suke nema, ya kuma bambanta da motar roba da aka sayo a kasuwa an riga an gama mata komai. A ƙasar Daura, wato ƙananan hukumomin Daura da Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu, irin wannan wasa ya daɗe yana tafiya tare da yanayin shekara da aikin gona, kuma kusan dukkan kayansa ragowar aikin manya ne: kara, yumɓu, kaba, sakaina, gwangwani da guntun ƙyalle.

Kaka ce lokacin kara. Idan aka yanke gero da dawa aka tara karan a bakin gona ko a bayan gida, yara maza kan zaɓi mai kauri wanda bai rube ba. Sai su feƙe ɓawon da haƙori ko da tsohuwar reza, ya fito siri-siri kamar tsinke, su ware totuwar ciki mai laushi. Da waɗannan biyun ake yin komai. Ana yanka totuwar gunduwa-gunduwa ta zama mahaɗi, a tsira ɓawon a cikinta, a lanƙwasa shi yadda ake so. Daga nan ake samun gilashin ido, da keken hawa, da jirgin sama, da babbar mota mai bodi wadda ake loda wa tsakuwa a matsayin buhunan hatsi. Yaron da ke haɗa motar kara dole ya gane cewa idan tayoyin ba su daidaita ba motar za ta riƙa karkata, idan kuma ya tsira ɓawon sau da yawa a wuri guda totuwar za ta fashe. Ba wanda ke gaya masa wannan. Motar farko ce ke lalacewa, ta biyu ta ɗan yi dama, ta uku ta yi tafiya.

Da damina kuwa, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, ƙasa ce ke ba da kayan aiki. Ana kwaɓa yumɓu a gina shanu masu tozo, a soka musu ƙayar aduwa a matsayin ƙaho, a shanya su a inuwa don kada rana ta tsattsage su. Ana dafe damshin yashi a kan ƙafa a zare ta a hankali, ɗaki ya tsaya, a kewaye shi da katanga, a fitar da zaure da rumbu da turken awaki. 'Yan mata kan kafa murhu da duwatsu uku ƙanana, su ɗora gwangwanin tumatir, su tuƙa tuwon ƙasa, su yi miya da ganyen da suka tsinko, su raba a marafan kwalba. Rabon nan ba na ganganci ba ne. Akwai kwanon maigida, akwai na baƙo, akwai na almajiri, kuma duk wadda ta saɓa wa tsarin za ta sha gyara daga ƙawayenta.

'Yar tsana ta fi sauran daɗewa a hannu. Ta gargajiya da kara ake yin ta ko da ƙashi, a yi mata gashi da zare, a ɗaura mata zane daga ƙyallen da tela ya zubar. Ana goya ta, a yi mata wanka, a yi mata suna, wata rana kuma a yi mata biki da lefe da gara da kai amarya, yaran unguwa su taru kowa da matsayinsa. Wannan ƙaramin biki yakan ɗauki kwanaki ana shirinsa, kuma yakan ƙunshi tara kuɗi da rabon aiki da sasanta rigima.

Daura tana da wani abin da ke ciyar da wasan yara wanda ba kowane gari ke da irinsa ba, shi ne hawan sarauta. Bayan hawan Sallah ƙarama da babba, akwai Sallar Gani da ake yi a watan Rabi'ul Awwal, wadda ke tara hakimai da dawakai da 'yan kallo daga sassan masarautar har da maƙwabta na Jamhuriyar Nijar. Kwanakin da ke biyo baya, lunguna kan cika da dokin kara. Yaro ya sami dogon kara ya lanƙwasa kansa, ya ɗaura masa linzamin igiya, ya naɗa tsohon ɗankwalin uwarsa a matsayin rawani. Wani ya zama dogari, wani ya busa karan gwanda a madadin kakaki, wani ya kaɗa gwangwani, a zo a yi jahi gaban wanda aka naɗa sarki. Yawancin lokacin wasan ba a sukuwa yake tafiya ba, a gardamar wanda zai zama sarki da wanda zai biyo bayan wa yake ƙarewa.

Tashe shi ne inda ƙirƙirar ta fi fitowa fili. Daga wajen goma ga watan Ramadan, bayan an sha ruwa, yara kan fita rukuni-rukuni suna bin gidaje da wasan kwaikwayo. Ana liƙa auduga a haɓa ta zama gemun tsoho, a cusa tsumma a riga ya zama ƙaton ciki, a shafa toka ko gawayi ko alli a fuska. Wasanni irin su Jatau Mai Magani da Macukule an gaje su ne, amma kowane rukuni yakan ƙara nasa gishirin, har a shigo da abin da ke faruwa a gari a shekarar. Yaran ne ke tsara wasan, su ɗinka kayan, su raba abin da aka samu. Marubuta sun lura da darajar waɗannan abubuwa tun da daɗewa. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara da dama daga cikin wasannin yaran Hausawa a jerin littattafansa shida na Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, kuma littafin Baba of Karo da Mary Smith ta fitar a 1954 ya adana yadda wata dattijuwa ta tuna wasannin ƙuruciyarta.

Abin da yaro ke samu

Masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, ya yi bayani a wata lacca a 1933 da misalin yaron da ke hawa sanda yana kiran ta doki. A ganinsa, wannan ne lokacin da yaro ke fara raba ma'ana da abin da ido ke gani: abin da ke hannunsa kara ne, amma ya yarda ya ɗauke shi a matsayin wani abu dabam. Irin wannan tunani ne ake buƙata daga baya domin a gane cewa zane a kan allo yana wakiltar sauti, lamba kuma tana wakiltar adadi. Ya kuma lura cewa wasan kwaikwayon yara cike yake da dokoki, ko da ba a furta su ba. Wanda ya zama dogari ba zai zauna a shimfiɗar sarki ba, ko da yana so. Ta haka yaro ke koyon danne son ransa ba tare da bulala ba.

Sauran amfanin a bayyane suke ga duk mai lura. Yatsun da suka saba feƙe kara da murza yumɓu ba sa shan wahalar riƙe alƙalami. Bakin da ya saba tsara zancen uwar amarya da na dillaliya yakan fi yalwar kalmomi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da rahotanni a 2007 da 2018 tana jan hankalin iyaye cewa wasan da yaro ke jagoranta da kansa yana taimaka wa harshe da tunani da iya zama da mutane, kuma cunkushe ranar yaro da darussa yana rage masa wannan dama. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta sanya hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31, kuma tun 2024 ake bikin ranar wasa ta duniya a kowace 11 ga Yuni.

Ga iyayen da hujjar addini ta fi kwantar musu da hankali, ita ma tana nan. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana, kuma ƙawayenta kan zo su yi wasa da ita a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu Dawud ya ruwaito labarin dokinta na wasa mai fukafukai biyu, wanda ya sa Annabi dariya. Malamai sun yi saɓani a kan surar abu mai rai, amma da yawansu sun keɓe kayan wasan yara saboda waɗannan ruwayoyi. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi nasiha a Ihya'u Ulumiddin cewa a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi da tilasta masa karatu ba hutu yana kashe masa zuciya, ya dusashe masa basira.

Ƙazanta da ta'adi

Ba ƙin wasa ne ke sa uwa ta daka wa yaro tsawa ba. Abin da wasan ke bari a baya ne. Tuwon ƙasa yana nufin riga ta yi kaca-kaca, motar kara tana nufin ɓawo ya watsu a tsakar gidan da aka share da safe, tashe kuma yana nufin gawayi a jikin zanen da aka ɗauka ba izini. Duk wannan a kan mace yake ƙarewa, kuma a ƙasar da ruwa ba a banza yake ba. Gidan da ke sayen ruwa jarka-jarka daga 'yan ga-ruwa, ko yake aika yara rijiya ko famfon burtsatse, yana lissafa kowane wanki. Saboda haka idan aka ji uwa na cewa, "Kai, dubi jikinka kamar wanda aka tono daga rami!" ba ƙyamar ƙirƙira take ba, kuɗin sabulu take tunawa.

Tsarin gida ma ya sauya. Gidan gargajiya na ƙasa yana da faffaɗar tsakar gida mai yashi, da bayan ɗaki, da gindin bishiya, da kangon maƙwabta, ga dandali a waje. Shara ɗaya da tsintsiya ta isa ta kawar da ɓarnar yini guda, ɓawon karan kuma murhu ya nufa. Sabon gini na bulo, musamman a sababbin unguwannin da ke kewaye da tsohon garin Daura da gidajen haya na ma'aikata, yakan zo da tsakar gida mai siminti ko tayil, da falo mai kujeru da kafet, da bango mai fenti. A irin wannan gida, abin da a da ba a ɗauke shi komai ba ya zama ta'adi. Gawayin da aka zana a bangon ƙasa damina ce ke wanke shi. Wanda aka zana a fenti kuwa sai mai gidan haya ya yi magana.

Maganin da ya fi aiki shi ne a ba ƙazantar wuri, maimakon a yi ta yaƙi da ita a ko'ina. Kusurwa guda a tsakar gida ko bayan ɗaki, a zuba mata baro ɗaya na yashi mai tsabta, a kange da bulo, ta isa. Inda babu fili, tsohon buhu ko tsohuwar tabarma da ake shimfiɗawa a naɗe bayan an gama tana yin aikin. Wani yanki na katanga da aka yarda a yi zane a kansa da alli yana kare sauran bangon. Tsofaffin tufafi biyu da aka ware domin wasa suna raba kayan makaranta da na Sallah da taɓo. Sai kwali ko tsohuwar fanteka da yaro zai riƙa tara kayansa: marafan kwalba, ƙwallon goruba, guntayen ƙyalle, tsohon silifa da ake yanka tayoyi da shi. Abin da babba ke gani tarkace, a wurin yaro jari ne, kuma zubar da shi ba tare da an tambaye shi ba yakan sa ya daina tarawa gaba ɗaya.

Kwashe kayan da share wurin wani ɓangare ne na wasan, kuma yaro ɗan shekara uku ma yana iya mayar da gwangwanaye cikin kwali. A nan akwai wata al'ada da ta cancanci gyara: sau da yawa namiji ne ke ɓata wuri, a kira yayarsa ko ƙanwarsa ta share. Wannan yana cinye lokacin wasan 'ya mace, yana kuma koya wa namiji cewa ɓarnarsa aikin wani ce.

Dole a bambanta ƙazantar da ruwa ke wankewa da wadda ke cutarwa. Yashi da yumɓu da toka mai sanyi ba su da wata illa idan an wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Ƙasar da ke kusa da masai ko kwata ko turken dabbobi tana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki. Kududdufin da aka haƙa domin ginin ƙasa, inda yara ke zuwa ɗiban yumɓu, yana cika da damina, kuma ana samun nutsewa da cutar tsargiya a irinsa. Bakin gwangwani mai tsatsa yana yanka, don haka babba ya daddaƙe shi tukuna, a kuma tabbatar yaro ya kammala rigakafinsa, har da na sandarewar jiki da ake samu ta rauni. Gwangwanin maganin feshi na gona da kwalbar maganin ƙwari da tsohon batir ba kayan wasa ba ne ko an wanke su. Abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400, ya nuna yadda ƙasar tsakar gida kan zama guba ga mai rarrafe. Daura ba ƙasar haƙar zinariya ba ce, amma dalma tana cikin batirin mota da na sola da ake fasawa a bakin hanya.

Ina lokacin yake?

Ranar yaro ɗan firamare a Daura a cike take. Da safe boko, da la'asar Islamiyya har kusan magariba, wasu kuma da makarantar dare ko darasin ƙari. A tsakani akwai aike, da ɗiban ruwa, da kai niƙa, da talla ga wasu. Da damina gona na jira, da kaka kuma ga roron wake da tsinkar gyaɗa. Aikin yara ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Binciken da Enid Schildkrout ta yi a birnin Kano a shekarun 1970 ya nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara da yaran da ke kai saƙo da talla. Bambancin shi ne a da aike kansa yana da sarari a cikinsa, yaro ya tsaya a hanya ya gara garensa, ga kuma hasken farin wata da ke tara yara a dandali. Yanzu agogo ne ke raba ranar, yawan babura a lunguna da fargabar tsaro kuma sun sa iyaye da yawa ba sa barin yara su yi nisa da ƙofar gida.

Iyayen ma ba su da sarari. Uba yana ofis ko shago ko gona, ko ya tafi kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, ko yana kan hanya da kaya. Uwa tana koyarwa ko aikin asibiti, ko tana gida tsakanin girki da ɗinki da suyar awara ta sayarwa. Sai dai wasan ƙirƙira, ba kamar aikin gida na makaranta ba, ba ya buƙatar babba ya zauna a kai. Hasali ma yawan sa baki yana ɓata shi, domin da zarar uba ya karɓi karan ya ce, "Kawo in gyara maka," motar ta tashi daga ta yaro. Abin da ake nema daga babba kaɗan ne: ya kasance inda zai ji motsi, ya dubi abin da aka kawo masa, ya yi tambaya ta gaske. "Wannan motar ina za ta da kayan nan?" ya fi "Ya yi kyau" jawo magana.

Abin da ya fi wuyar samu shi ne lokaci a dunƙule. Yara kan ɗauki tsawon lokaci suna tattara kaya da rabon matsayi kafin wasan ya kankama, don haka minti goma nan, minti goma can, ba ya haifar da komai. Sa'a guda da ba a katse ta da aike ba ta fi amfani. Tsohon tsarin makarantar allo, wanda ke ba da hutu ranar Alhamis da Juma'a, ya riga ya bar gurbi, kuma Islamiyyu da yawa suna bin sa. Yammacin waɗannan ranaku ne ya fi dacewa a bar wa yara. Tara aike a yi shi lokaci guda, maimakon kira bayan kira, shi ma yana buɗe sarari. A gidan da ke da kaka ko gwaggo, sukan fi kowa haƙurin zama kusa da masu tuwon ƙasa, kuma su ne suka san yadda ake naɗa 'yar tsanar kara. Maƙwabta kan iya karɓa-karɓa: yau yaran suna wannan gida, gobe suna wancan, sharar ta rabu.

Wayar hannu ta shigo daidai wannan gurbin. Tana kawar da matsalolin biyu a lokaci guda, domin yaron da ke kallon bidiyo ba ya ɓata wuri, ba ya kuma neman kowa. Shi ya sa take da wuyar ƙi ga uwar da aiki ya sha mata kai. Amma a gaban waya an riga an gama ƙirƙirar, nasa kallo ne kawai. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce sa'a guda a rana, sannan yaro daga shekara 1 zuwa 4 ya sami aƙalla minti 180 na motsa jiki iri-iri a yini. Abin da aka gani a waya yana iya komawa kayan wasa idan an ajiye ta: yaran da suka kalli fim ɗin Kannywood ko wasan ƙwallo sukan fito su kwaikwaya, su gina filin wasa a yashi da marafan kwalba a matsayin 'yan wasa.

Makaranta ma tana da nata kason. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi cewa koyarwa a ajin share fagen firamare ta kasance ta hanyar wasa, amma a aikace iyaye da yawa suna auna makaranta da yawan rubutun da ɗan shekara uku ya cika littafi da shi, malamai kuma suna biye musu. Ajin da ke da yara masu yawa da malama ɗaya ba zai iya sayen kayan wasa na kanti ba, sai dai kara da yumɓu da kaba suna bakin ƙofa. Darasin aikin hannu, inda a da ɗalibi ke kawo tsintsiya ko igiya ko faifan da ya saƙa da kansa, ya koma a wurare da dama sayowa a kasuwa ko biyan kuɗi a madadinsa, makin ya tafi ga aljihun uba.

Wasan yana sauya kama yayin da yaro ke girma. Wajen shekara goma, motar kara kan koma ta waya da langa-langa, mai sitiyari dogo da ake tuƙawa a tsaye, wani lokaci har da fitila da aka haɗa da ƙaramin batir. Rigar 'yar tsana kan koma ɗinki da allura na gaske, ko saƙar hula, ko zanen lalle a hannun ƙanne. A wannan mataki yaro yana buƙatar kayan aiki na ainihi, almakashi da filaya da allura, da wanda zai nuna masa yadda ake riƙe su, kuma a nan ne iyaye da dama a Daura ke fara kai shi wurin tela ko kafinta ko mai gyaran babur a lokacin dogon hutu.